Man da bai kama wuta ba, ina yake zuwa?

Ka tuna daren Talata, 15 ga Oktoban 2024? Tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Kafin gari ya waye bidiyon ya karaɗe WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma wataƙila kai ma kana cikin waɗanda suka tura wa wani. Duk Jigawa ta girgiza, kuma ya kamata ta girgiza.

Mun ga wannan masifa ne saboda wuta tana da haske da hayaƙi, kyamarar waya na iya ɗaukarta. Yau wannan shafi zai yi maka maganar wani man daban, wanda ba ya kama wuta, ba ya tara jama'a, ba ya tashe a soshiyal midiya. Shi ne man da ke tsiyaya a hankali daga tankin da aka binne a ƙarƙashin gidan mai, ya ratsa ƙasa, ya sauka kan ruwan da kai da ƙannenka kuke sha. Matsayarmu a taƙaice ita ce: a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kada a sake haƙa rijiya ko burtsatse kusa da gidan mai, kada kuma a sake mai da tsohon gidan mai gida ko shago ko kamfanin fiya wata, sai an auna ƙasar wurin da ruwanta an ga abin da ke ciki.

Bari mu fara daga abin da idonka ya saba gani. Idan ka taso daga Kano ka bi ta Dambatta ka shiga Kazaure, ka ci gaba har hanyar Daura, gwada ƙirga gidajen man da ke bakin titi. Wasu suna aiki, wasu kuma fenti ya koɗe, famfo ya yi tsatsa, awaki ne ke shan inuwa a ƙarƙashin rumfar. Ba abin mamaki ba ne. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, kuma ƙaramar hukumar Babura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin saro tanka guda ya ninka, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka kasa ci gaba. Gidan mai yana iya rufewa, amma tankunan da ke ƙarƙashinsa ba sa tafiya ko'ina. Suna nan a binne, kowanne mai cin dubban litoci, galibinsu na ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa idan ya daɗe a cikin ƙasa mai laima, tsatsa ce ƙarshensa.

A lokaci guda kuma filayen bakin titi suna ƙara daraja. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure ya biyo, gari yana faɗaɗa, inda a da bayan gari ne yanzu ya zama tsakiyar unguwa. Wani zai sayi tsohon gidan mai ya gina shaguna. Wani zai yanka fulotai a bayansa. Abu na farko da mai sabon gini ke yi shi ne kiran masu haƙa burtsatse. Da wuya ka ji wani ya ce, tsaya tukuna, me aka taɓa ajiyewa a ƙarƙashin wannan fili?

To ta yaya man ke kaiwa ga ruwa? Hanyoyin suna da yawa. Tanki ya huje saboda tsatsa. Bututun da ya haɗa tanki da famfo ya saki a gaɓa. A cika tanki ya yi ambaliya lokacin da tanka ke sauke kaya. Ko kuma ɗan abin da ke zuba kullum a ƙasa, ruwan sama ya wanke shi ya shige. Kada ka raina ɗigo. Idan tanki na ɗigar da ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, a rana ya zubar da wajen lita 4, a shekara fiye da lita 1,500. Mai gidan man da kansa ba lallai ya lura ba, don wannan giɓin yana iya ɓacewa a cikin lissafin abin da zafi ya busar da kuskuren awo.

Fetur ya fi ruwa rashin nauyi. Idan ya ratsa ƙasa ya isa inda ruwa yake kwance, sai ya yi shimfiɗa a samansa kamar yadda man gyaɗa ke yi a kan miya. Daga nan wasu sinadaran da ke cikinsa suna narkewa su shiga ruwan, su bi shi duk inda ya gangara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya, sai dai a hankali, kuma bai san katanga ba, bai san takardar fili ba. Da damina ruwan ya taso, da rani ya sauka, shi kuma man yana hawa da sauka tare da shi yana shafe ƙasar da ke tsakani. Shi ya sa ko an toshe yoyon, ƙasar takan ci gaba da sakin guba shekara da shekaru.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa tasirin. A wajajen Babura rairayi ya fi yawa, kuma ka san yadda rairayi ke shanye ruwa nan take. Haka yake shanye mai. A Kazaure da Roni da Gwiwa kuma ƙasar duwatsu ce, ruwan yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagunan da ke ƙarƙashi. A irin wannan wuri mai na iya bin tsaga guda ya tsallake rijiyar da ke kusa, ya je ya ɓulla a wadda ke nesa. Don haka cewa "ai rijiyar maƙwabcinmu ta fi kusa da gidan man kuma lafiyarta lau" ba hujja ba ce.

Me ke cikin man da ya sa muke wannan magana? Wanda ya fi tayar da hankali shi ne sinadarin benzin. Masana lafiya na duniya sun daɗe da tabbatar da cewa yana jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha, kuma iyakar ƙarama ce ƙwarai: kwatankwacin giram 1 a cikin lita 100,000. Yanzu ɗauki kalkuleta a wayarka. Idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita guda tana da kusan giram 9. A lissafi, wannan ya isa ya kai lita 900,000 na ruwa bakin iyakar. Wato cikin tankar ruwa fiye da 20, daga lita ɗaya tak.

Abin da ya fi muni shi ne, hanci ba ma'auni ba ne. Idan ka ji warin fetur a ruwa, to lalle akwai matsala. Amma rashin jin wari ba ya nufin ruwan lafiya yake, domin benzin na iya wuce iyaka alhali ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Alam ba ya cire shi. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa kuma tana kora shi ne cikin iskar ɗakin girki, mai girkin ta shaƙa. Kuma ba a ranar ake kwanciya ba, sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da rijiya.

Wani zai ce wannan labarin 'yan Kudu ne. E, a can aka fi ganinsa, shi ya sa ya kamata mu koya daga gare su tun abin bai zo mana ba. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. A garin Nisisioken Ogale an samu mutane na shan ruwan rijiya mai benzin fiye da ninki 900 na iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. A kusa da wurin an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana shawagi a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Lura fa, tataccen mai ne, irin wanda ake sayarwa a famfo, ba ɗanye ba. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A unguwar Baruwa da ke Ipaja a Legas kuma, tun shekarun 1990 mazauna ke jawo guga su tarar da fetur a ciki, sakamakon yoyon bututun mai da ya ratsa unguwar, rijiyoyi da yawa suka tashi daga aiki.

Idan kuma kana ganin bututu daban, tankin gidan mai daban, to dubi Amurka. A 1984 suka yi dokar sa ido kan tankunan da ke binne, suka ba masu su wa'adi zuwa ƙarshen 1998 su gyara tsofaffin ko su cire su. Daga lokacin zuwa yau sun tabbatar da yoyo fiye da 500,000, akasari a gidajen mai na bakin titi irin namu. Ƙarfen tankinsu bai fi namu saurin tsatsa ba. Bambancin kawai, su sun duba sun gani.

To yaya ake dubawar? Ba tsafi ba ne, aiki ne mai matakai, kuma ya kamata ka san su don kada wani ya zo da farar riga ya yi maka dabo.

Mataki na farko shi ne tarihin wurin. Yaushe aka gina gidan man? Tanki nawa aka binne, a ina da ina? An taɓa canza su? An taɓa yin ambaliya? A nan tsohon maigadi, da dattijon da ke zama a bakin masallacin unguwa, da wanda ya daɗe yana sayar da shayi a wurin, sun fi takarda amfani. Sannan a zagaya da ƙafa a lissafa duk rijiya da burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa da ke kewaye. Idan gidan man yana aiki, a gwada tankin da bututun a ga ko suna riƙe iska ba tare da saki ba, a kuma kwatanta abin da aka sauke da abin da aka sayar.

Mataki na biyu shi ne huda ƙasa. Ana haƙa ƙananan ramuka a gefen tankuna da wajen famfo da inda tanka ke sauke kaya, a ɗebi samfurin ƙasa a zurfi daban-daban. Ɗiban ƙasar sama kaɗai yaudara ce, don tankin ma yana da zurfin mita biyu zuwa huɗu, yoyon kuma daga ƙasansa yake. Akwai 'yar na'urar hannu da ke sunsuna tururin mai a wurin nan take, amma ita manuniya ce kawai, hukunci na ɗakin gwaje-gwaje ne.

Mataki na uku shi ne rijiyoyin sa ido. Aƙalla uku ake buƙata, domin da tsayin ruwa a wuri uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Idan aka gane haka, an san gidajen da ke cikin haɗari da waɗanda ba sa ciki. Samfurin ruwan a kwalbar gilashi ake zuba shi, a cika ta maƙil ba iska, a sa a ƙanƙara, a kai shi da wuri. Wanda ya zo da robar lemo ya ɗebi ruwa ya jefa a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, kafin ya isa Kano benzin ɗin ya gudu, sakamako zai fito tas, kuma ƙarya ne. Ana kuma maimaita awon da rani da damina.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Gwajin ruwan da aka saba yi bayan an haƙa burtsatse yana duba ƙwayoyin cuta ne da gishiri da ƙarfe da makamantansu. Ba ya duba mai sai an ce a duba. Don haka idan wani ya nuna maka takarda ya ce "an gwada ruwan nan," tambaye shi: an gwada benzin? An gwada jimillar man da ke ciki? Idan ba ka ga layinsu a takardar ba, to ba a gwada ba.

Kuma ƙasar nan tana da ma'auni. Tsohuwar hukumar DPR ta fitar da ƙa'idojin muhalli na harkar mai a 1991, ta sabunta su a 2002, kuma da su aka auna ƙasar Ogoni. A cikinsu, idan mai ya kai miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa, ko miligiram 0.6 a lita ɗaya ta ruwan ƙasa, dole ne a shiga aikin gyara. Tun bayan dokar man fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke ba gidajen mai lasisi tana kuma duba su. Akwai NOSDRA da aka kafa a 2006 don lura da malalar mai, wadda dokarta ta ce a kai mata rahoton malala cikin awa 24. Akwai NESREA ta 2007. A nan gida kuma akwai JISEPA, hukumar kare muhalli ta Jigawa, da sashen lafiyar muhalli na kowace ƙaramar hukuma, wato duba-gari. Hukumomi dai ba mu rasa su ba. Abin tambaya shi ne, idan sun zo gidan mai, bayan duba ko lita ta cika da farashin famfo, suna leƙa abin da ke ƙarƙashi?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce awon nan yana da tsada, kuma gaskiya ne. Za a ce masu gidajen man nan iyayenmu ne, su ke ba matasa aikin yi, su ke gina masallatai, a wannan yanayi na matsi ba lokacin ɗora musu wani nauyi ba ne. Mun ji. Amma a lissafa ɗaya ɓangaren ma. Man da ke zurarewa kuɗin mai gidan man ne ke shiga ƙasa, gano yoyo da wuri riba ce gare shi. Wanda kuma ya sayi fili ya gina, ya haƙa burtsatse na miliyoyi, sannan ruwa ya fito da wari, ya yi asarar da ta fi kuɗin awo nesa ba kusa ba. Unguwar da rijiyoyinta suka mutu kuwa, jarkar 'yan garuwa za ta koma saye kullum, kuma talaka ne zai biya. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma maganin na iya ɗaukar shekarun da jaririn yau zai yi aure.

Kada kuma mu ɗora komai a kan masu gidan mai mu manta da kanmu. Abokinmu ɗan bumburutu da ke jere galan a bakin titi yana ɗurawa yana zuba, da bakaniken da ke juye baƙin mai a ƙasan gareji, da mai wankin mota da ke kora ruwan mai cikin kwata, da mu da ke wanke janareta da fetur a tsakar gida taku biyar daga rijiya, duk ƙasa ɗaya muke zuba wa. Baƙin mai a tara shi a durom, akwai masu saye. Wurin ɗura mai a dafe shi da siminti. Wannan ba ya buƙatar gwamnati.

To kai da wayarka me za ka yi?

Idan ka ji warin mai a rijiya ko burtsatse, ko ka ga ƙyalli mai launi-launi a saman ruwa, a daina sha da girki da shi nan take. Ga ɗan gwaji: taɓa ƙyallin da tsinke. Idan ya farfashe ya rabu gutsi-gutsi, mai yiwuwa na ƙarfen ƙasa ne. Idan ya juya ya sake haɗewa, alamar mai ce. Kada kowa ya shiga rijiyar, kada a kunna ashana ko sigari a bakinta, don tururin mai yana taruwa a rami, yana shaƙe mutum, yana kuma fashewa. Rubuta rana da lokaci, ɗauki hoto da bidiyo, tambayi maƙwabta ko su ma sun ji. Sannan ku je wurin mai unguwa, ku rubuta takarda zuwa ga duba-gari da JISEPA da NMDPRA, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambayar hukumar tarayya a rubuce, ita kuma tana da kwana 7 ta amsa. Tambaye ta yaushe aka yi wa tankunan unguwarku gwajin ƙarshe.

Amma don Allah, kada ka kama sunan wani a fostin kana cewa ya sa wa mutane guba alhali ba a auna ba. Mai yiwuwa man daga wani wurin ya gangaro, mai yiwuwa daga tankin da aka binne tun kafin a haife ka. Ƙazafi zunubi ne, kuma yana kashe magana mai kyau, don da zarar an koma rigimar suna, an manta da ruwan. Ka nemi awo, ka wallafa takardar da ka kai, ka wallafa ranar da aka yi alƙawarin zuwa, ka kuma wallafa idan ba a zo ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Idan babanka ko yayanka na shirin sayen fili a kan tsohon gidan mai ko a jikinsa, ka zaunar da shi cikin ladabi ka ce, Baba, a sa sharaɗin awo kafin a biya. Idan kuma kai ɗalibi ne a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Bayero, kana neman batun furojet, ga shi a ƙofar gidanku: taswirar gidajen man garinku, masu aiki da rufaffu, shekarar da aka gina kowanne, da nisan kowace rijiya daga gare shi. Waya mai GPS da littafin rubutu sun isa a fara.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, da 'yan majalisarmu, da iyayenmu sarakuna, buƙatarmu guda uku ce, kuma ba su fi ƙarfinku ba. A yi rajistar duk tankin da ke binne, har da na gidajen man da aka rufe. A hana canza amfanin tsohon gidan mai sai an kwashe ragowar man, an tono tankin, an auna ƙasar. A kuma riƙa auna rijiyoyin jama'a da ke kusa da gidajen mai lokaci-lokaci, a liƙa sakamakon a inda kowa zai karanta.

Bayan Majiya kowa ya ce, da ma an hana mutane kusantar tankar. Wannan karon muna da damar yin magana tun kafin a ce da ma. Gobe idan ka tsaya shan mai a babur ɗinka, waiga ka duba rijiya ko famfon da ya fi kusa da inda kake tsaye, ka ƙirga taku nawa ne a tsakani. Ka rubuto mana adadin da sunan unguwarku a sashen sharhi, mu fara haɗa taswirar daga nan.